Tarar Fam 40 Da Gwangwanin Wasiƙun Abba

 Na san na yi alkawarin wannan karon za mu yi maganar neman ɗakin haya a shekara ta biyu ta jami'a. To ku yi mini afuwa, wani abu ne ya taso a gidanmu ya cinye mini kusan mako uku, kuma na ga bai kamata in haɗiye shi ni kaɗai ba. Maganar dairek debit ce, da tarar da ake lafta wa mutum idan aka zo cirar kuɗi aka tarar asusunsa bai kai ba. Ga 'yan uwanmu da ke karatu daga wasu ƙasashe, dairek debit shi ne izinin da kake ba kamfani ya riƙa cirar kuɗinsa daga asusunka a ranar da kuka ajiye. A nan Birtaniya kusan komai da shi ake biya: wuta, gas, ruwa, waya, inshora, harajin kansul.

Ranar wata Juma'a da daddare ina ɗakina a Lids, ina fama da aikin da zan miƙa ranar Litinin, sai ga kiran Umma daga Manchesta. Bayan mun gaisa ta ce, "Ke, in kin samu sarari ki duba mini wata takarda, na turo miki hotonta." Duk ɗan fari ko 'yar fari a gidajenmu ya san wannan aikin. Tun ina 'yar shekara 10 nake karanta wa gidanmu wasiƙun kansul da na makaranta da na asibiti. Ba wai Umma ba ta jin Turanci ba ne, ai awa 12 take yi tana hira da tsofaffin da take kula da su a wurin aiki. Turancin wasiƙar ofis ne dai daban, ko ni da aka haifa a nan sai na karanta sau biyu kafin gabana ya daina faɗuwa.

Wasiƙar daga kamfanin inshorar motarta ce. Wai sun zo cirar fam 96 na watan ba su samu ba, don haka sun ɗora tarar fam 25, kuma in ba a biya cikin kwana 14 ba za su soke inshorar. Wallahi ba fam 25 ɗin ne ya tayar mini da hankali ba, maganar sokewar ce. Umma tana shiga aiki ƙarfe 7 na safe a wata unguwa da bas ba ta kaiwa da wuri, motar nan ita ce abincinmu. Wanda aka kama yana tuƙi ba inshora a ƙasar nan, mafi sauƙin hukuncinsa shi ne tarar fam 300 da maki 6 a lasisi. Sannan duk inshorar da ka je saya gaba ana iya tambayarka ko an taɓa soke maka, in ka ce e farashi ya haura.

Na ce ta turo mini bayanin asusunta na watan. Ina dubawa na gano inda gizo ke saƙar. Albashinta yana shiga ran 28. Ta bar fam 230 a asusun don inshora ran 26 da kuɗin waya fam 38 ran 27, lissafinta daidai yake, har da ragowa. Sai kamfanin wuta da gas, wanda shekara da shekaru ran 3 ga wata yake cirar kuɗinsa, ya zo ran 24 ya kwashe fam 212. Saura fam 18. Inshora ta zo ta koma hannu banza, waya ta zo ta koma. Kamfanin waya ya ɗora fam 10, banki ya ɗora fam 5 na mayar da biyun. Jimla fam 40, a kan laifin da ba nata ba.

Na kira ta na yi mata bayani. Kun san me ta ce? "To a biya su kawai, a bar wa Allah. Ni ba na son tashin hankali da mutanen nan." Ina jin muryar Abba daga nesa yana cewa, "Ki gaya mata kada ta wahalar da kanta, ba a ja da banki. Ni na gwada."

Abba ya gwada kuwa. A saman kabad ɗin ɗakinsu akwai wani tsohon gwangwanin biskit, irin wanda a wasu gidajen zare da allura ake samu a ciki. A gidanmu wasiƙu ne. Da na je gida washegari ya sauko da shi ya baje mini takardun a kan tebur. A 2007, ina 'yar shekara 4, ya biya fam 10 banki ya aiko masa da jerin duk tarar da aka ci shi cikin shekara 6. Ya zauna da biro ya tara, ta kama fam 1,140. A lokacin aikin gadi yake yi ana biyansa mako-mako, kuma kwana ɗaya in albashi ya makara sai a ci shi fam 30 ko 35 a kan abu guda, tarar ta jefa asusun cikin rami, wata mai zuwa a sake cin sa tarar ramin. Ya je laburare ya sauko da samfurin wasiƙar neman haƙƙi daga shafin Martin Lewis, ya cika ya aika. Daga nan sai jira.

Bari in ɗan ba ku tarihin, don na gano yawancinmu ba mu san shi ba, alhali shi ne ya sa iyayenmu suka sallama. A shekarun nan wasu bankuna har fam 39 suke caja a kan dairek debit ɗaya da ya dawo. Hukumar kare masu saye ta lokacin, Office of Fair Trading, ta ƙiyasta cewa a 2006 kaɗai bankuna sun samu fam biliyan 2.6 daga irin wannan tara. Jama'a suka yi ca a kansu da wasiƙu da ƙananan ƙararraki, da yawa kuma an biya su, don bankunan sun gwammace su biya da su tsaya gaban alƙali. A Yulin 2007 hukumar da bankuna bakwai da wata ƙungiyar ba da rancen gidaje suka yarda a kai maganar kotu a yanke ta gaba ɗaya, aka kuma dakatar da duk koke-koken da ke ƙasa. Na Abba na ciki, tare da na mutum fiye da miliyan ɗaya. A Afrilun 2008 Babbar Kotu ta ba hukumar gaskiya. A Fabrairun 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake ba ta. Sai ran 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli, wadda ko wata biyu ba ta cika da buɗewa ba, ta juya hukuncin. Ta ce tarar tana cikin farashin hidimar da banki ke yi maka, don haka a ƙarƙashin dokar 1999 da aka kafa hujja da ita ba za a auna ta a ce ta yi tsada ba. Wasiƙa ta ƙarshe a gwangwanin Abba layi shida ce, ta ba shi haƙuri, ko kwabo bai samu ba.

Don haka in Abba ya ce ba a ja da banki, da hujjarsa. Abin da bai sani ba shi ne duniya ta juya bayan ya rufe gwangwanin. Hukumar da ke sa ido kan bankuna yanzu, FCA, ta binciki lamarin ta gano cewa a 2016 fiye da rabin tarar ofadiraf mara izini daga aljihun kashi 1.5 cikin 100 na masu asusu ta fito, wato marasa ƙarfi irin Abban 2007 su ke ɗauke da kayan. Daga 6 ga Afrilun 2020 aka hana cajin ofadiraf na kullum-kullum ko na wata-wata, aka hana tsawwala wa mara izini fiye da mai izini. A 2019 kuma hukumar ta ja kunnen bankuna cewa kuɗin mayar da biya dole ya yi daidai da abin da aikin ya ci musu. Shi ya sa yau bankuna da yawa ba sa cajin komai a kan dairek debit da ya dawo, masu caja kuma ɗan kaɗan ne. Amma fa kada ku yi murna da yawa. Kuɗin ruwan ofadiraf a manyan bankuna da dama ya kai kusan kashi 40 cikin 100 a shekara, wanda ga mu da ke gudun riba ma wata damuwar ce ta daban. Sannan babbar tarar yanzu ta koma hannun kamfanonin da ke karɓar kuɗin, kamar yadda kuka gani a lissafin Umma: banki fam 5, kamfanoni fam 35.

To ga abin da muka yi, daki-daki.

Da farko mun kashe wutar da ta fi kusa. A ranar muka kira kamfanin inshora muka biya fam 96 da kati, albashi ya riga ya shiga. Tarar muka ce muna jayayya a kanta. Wannan shawara ce da nake so kowa ya riƙe: ka biya ainihin abin da ake bin ka, sannan ka yi rigimar tara. Kada ka bar inshora ko waya ta mutu don kana fushi.

Sai banki. Ba za su yi magana da ni ba sai mai asusun ta amince, don haka muka sa wayar a sifika, Umma ta amsa tambayoyin tsaro ta ce 'yarta za ta yi magana a madadinta. Na yi wa ma'aikacin bayani. Ya ce ai wannan tsakaninmu ne da kamfanin wuta, mu kira su. Da Umma ce ita kaɗai, nan za ta ce na gode ta ajiye waya. Na ce masa a'a, ina neman a mayar da kuɗin ne a ƙarƙashin Direct Debit Guarantee. Ku haddace sunan nan. Shi ne alkawarin da ke bayan kowane dairek debit a ƙasar nan, yana nan a rubuce a takardar da ka sa wa hannu ko saƙon da aka aiko maka ranar da ka buɗe shi. Abu uku ya ƙunsa. In kamfani zai canza adadi ko rana ko yawan cirewa, sai ya sanar da kai tun da wuri, yawanci kwanakin aiki 10. In kamfanin ko bankin ya yi kuskure, bankinka ne zai mayar maka da kuɗin duka nan take. Kuma kana da ikon soke shi duk lokacin da ka so. Ya ce in jira. Muka sha kiɗan jira minti 11, ya dawo ya ce an karɓa. Washegari da safe fam 212 suna asusun. Na ce to fam 5 ɗin fa, tunda daga wannan kuskuren ta samo asali? Ya cire ta ba musu.

A nan akwai abin lura. Mayar da kuɗin bai goge bashin wuta ba. Mun sha wutar, dole mu biya. Kuɗin sun dawo ne don an cire su a ranar da ba ita ba, kuma mun biya kamfanin da hannunmu kafin mako ya fita. Ban yarda wani ya karanta wannan ya je ya ce a mayar masa da kuɗin wata shida don ya sayi sabuwar waya ba, in aka bincika sai ya amayar da su.

Kamfanin inshora ya fi taurin kai. A waya matar ta ce tarar tana cikin yarjejeniya, ba abin da za ta iya. Na ce to ina so a rubuta wannan a matsayin ƙorafi na hukuma a ba ni lambarsa. A nan ku yi amfani da kalmar Turancin kanta, complaint, don da zarar an shigar da shi haka agogo ya fara bugawa. Banki ko kamfanin inshora yana da mako 8 ya ba ka amsa ta ƙarshe a rubuce, in kuwa ƙorafin kan harkar biyan kuɗi ne a banki, kwanakin aiki 15 ne, ana iya ja zuwa 35 in da dalili mai ƙarfi. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ko sun yi shiru, kana da Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi. Kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, kana da wata 6 daga ranar amsar ƙarshe. Kamfanonin sun san da zamansa sarai. Na rubuta musu wasiƙa rabin shafi: ga ranar da abin ya faru, ga bayanin asusu, ga shaidar banki ya mayar da kuɗin don kuskure ne, ga abin da muke nema. Abu biyu na nema, a cire fam 25, kuma a tabbatar mana a rubuce cewa ba a sa wa Umma alamar makara a bayananta na bashi ba. Na biyun ya fi na farkon nauyi, don biyan inshora wata-wata sau da yawa rance ne, alama irin wannan kuma shekara 6 take yi a fayil ɗinka, ta biyo ka ranar da kake neman rancen gida ko kwantiragin waya. Bayan kwana 9 suka amsa, sun yarda da duka biyun.

Kamfanin waya kam ya ƙi. Kuma in za a faɗi gaskiya ba su yi kuskure ba, sun zo ranarsu ba su samu ba. Sai muka juya kan mai laifin. Na rubuta wa kamfanin wuta na ce su nuna mana sanarwar da suka aiko kafin su canza rana. Suka ce sun sauya manhaja ne, suka duba ba su ga wata sanarwa da ta fita zuwa ga Umma ba. Suka ba da haƙuri, suka rage fam 10 daga bil na gaba, suka mayar da ranar 3 ga wata. Da sun ƙi, su ma harkar makamashi tana da nata Ombudsman, haka harkar sadarwa.

Kada ku ɗauka kullum ake ci. A Satumbar bara ni ma dairek debit ɗina na wurin motsa jiki ya dawo, don kuɗin rancen ɗalibai bai shigo ba sai da jami'a ta tabbatar na yi rajista, ni kuma na yi sakaci ban yi ta da wuri ba. Suka ci ni fam 15. Na kira na roƙa, na ce karon farko ne. Suka ce a'a. Ba wanda ya yi kuskure sai ni, ba wani alkawari da zan fake da shi. Na biya na yi shiru, na matsar da ranar cirewar zuwa tsakiyar wata. Roƙon alfarma a kan kuskuren farko yakan yi aiki, ba ka rasa komai in ka tambaya, amma alfarma ce ba haƙƙi ba, kuma ya kamata mutum ya san wanne yake nema kafin ya ɗaga waya.

Ga sauran abubuwan da na tsinta a hanya, ko za su amfani wani.

Saƙon da banki ke turowa da safe cewa kuɗinka ba za su isa ba, kada ka share shi. Tun 2014 manyan bankuna suna sake gwada biyan da rana, kana da dama zuwa aƙalla ƙarfe 2 ka zuba kuɗi abin ya wuce lafiya. An turo wa Umma saƙon, amma wayarta tana kulle a akwatin ma'aikata har yamma. Yanzu mun shirya, da hutun shan shayi take dubawa, in ta ga wani abu ta turo mini.

Ku zauna da iyayenku ku jera duk dairek debit ɗinsu a takarda ɗaya, ku kira kamfanonin a matsar da ranakun zuwa kwana biyu ko uku bayan albashi. Yawancinsu suna yarda. Awa ɗaya ya ɗauke mu.

In kana son ganin duk tarar da aka taɓa cin ka, abin da Abba ya biya wa fam 10 ya zama kyauta tun Mayun 2018, kuma wata ɗaya gare su su amsa. Sai dai hujjar "tarar ta yi yawa" ita kaɗai a kan tsofaffin cajin banki ta mutu tun 2009, kada wani ya yaudare ka da tsohon samfurin wasiƙa. Abin da ke aiki yau shi ne kuskure, ko kuma halin ƙunci. In tara tana hawa kan tara har tana cin kuɗin abinci da haya, ka faɗa wa banki ƙarara cewa kana cikin matsin kuɗi. Ƙa'ida ta wajabta musu su saurare ka su sassauta, wani lokaci har su mayar da wani abu. Na san wannan ita ce magana mafi nauyi a bakin Bahaushe, mu da aka tarbiyyantar da rufin asiri. Amma ma'aikacin nan bai san danginku ba, ba zai kai labari gidan suna ba. Citizens Advice da StepChange da National Debtline duk suna ba da shawara kyauta. Duk wanda ya ce zai karɓo maka haƙƙinka ya ɗauki kaso, ka ce masa ka gode, wasiƙar rabin shafi ce.

Wanda kuma asusunsa ke yawan faɗawa rami, tun 2016 manyan bankuna suna da asusu mai sauƙi da ake kira basic bank account, ba ofadiraf, ba tarar dairek debit da ya dawo. Ba sa yawan tallarsa, sai ka tambaya da sunansa.

Ranar da wasiƙar inshora ta iso Umma ta kira ni tana dariya, wai fam 40 ɗin ta cika zubin adashinta na watan da su. Ta ce matan adashin ma sun ji labari, biyu sun ce za su kawo mini takardunsu in na zo hutu. Na ce Umma jarrabawa fa gare ni. Ta ce ai lada ne. Abba bai ce komai ba a wayar. Amma ƙanena ya gaya mini ya karɓi wasiƙar ya karanta da tabarau, ya ninke ta ya sa a gwangwanin, a saman ta 2009.

Duk ƙa'idojin da na ambata na Birtaniya ne, 'yan uwa na Amurka da Saudiyya da Jamus kowa ya duba na ƙasarsa, kuma ku rubuto mana yadda abin yake a can. Maganar ɗakin haya tana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida su Umma da Abba na kowane gida, a kuma taya su buɗe wasiƙu da wuri.